Komawa kan keke bayan furfura ta fara fitowa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin fita ya sauya a kowane gida. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Motoci da yawa sun koma gindin bishiya an lulluɓe su da tamfol, kuɗin adaidaita sahu ya yi sama, albashi kuwa yana tafiyar hawainiya. A nan ne wasu magidanta suka fara waiwayar keken da suka rabu da shi tun suna sakandare. Ni a ganina sun yi daidai, kuma masu jin nauyin biyo su suna cutar kansu ne. Abin da yake damuna shi ne da yawa daga cikin masu komawar, kafin sati 2 sun jingine keken a zaure, sun ce abin na yara ne. Alhali keken da suka hau ne bai dace da su ba, ko an ɗaura sirdi ba daidai ba, ko sun ɗebo da zafi.

A fara da lissafi. Motar da take cin lita 1 a kilomita 10 a cikin gari, in wurin aikinka kilomita 6 ne, zuwa da dawowa 12 ke nan. A kwanakin aiki 22 ka yi kilomita 264, wato sama da lita 26, ban da cunkoso, ban da cewa injin da bai gama ɗumi ba ya fi shan mai a gajeriyar tafiya. Wannan kilomita 6 ɗin, babban mutum da ba ya gaggawa zai yi ta a keke cikin minti 25 zuwa 30. Garuruwanmu kuma shimfiɗaɗɗu ne. A Kano in ka cire Dala da Goron Dutse, sauran tudun da za ka hau gadojin sama ne. Haka Katsina, haka Maiduguri. Ga wani ƙarin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wanda ya yi minti 15 zuwa, 15 dawowa, kwana 5, ya cika wannan adadi ba tare da ya ware masa lokaci ba.

Abin da ya fi hana mutane shi ne "me za a ce". A ga Alhaji wane a kan keke, sai a ce karayar arziki ce ta same shi. Wannan tunani sabo ne. Iyayenmu sun san lokacin da malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin En'e suke zuwa aiki a kan Raleigh, ana goge shi da tsumma kowace safiya, manomi kuma in ya sayar da gyaɗa abin da yake fara tunani ke nan. Har masana'antar haɗa kekunan Raleigh an yi a Kano. Arzikin man fetur na shekarun 1970 da babura masu araha da suka cika kasuwa daga baya su ne suka mayar da keke abin hawan yara da marasa hali. Mutumin da yake cin bashi don ya zuba wa mota mai saboda kada maƙwabta su yi magana, ba mutuncinsa yake karewa ba, abincin iyalinsa yake ragewa.

To, wane keke? Iri 2 ne suka fi yawa a wajenmu. Akwai baƙin keken nan na gargajiya, irin su Phoenix da Hero da Avon, mai taya 28 da birkin sanda. Yana da nauyi, ba shi da giya, amma zamansa a miƙe yake, kariyarsa tana ɗaukar buhu, kuma duk ƙauyen da ka shiga akwai mai gyaransa da kayansa. Sai na gwanjo mai giya, yawanci mai taya 26 mai kauri. Ya fi sauƙin tuƙi a gadar sama da hanyar burji, amma in mai canja giyar ya lalace ba kowane mai gyara ne zai iya saita shi ba. Ga wanda ya haura 40, mai ɗan tumbi, zan ce ya nemi mai giya wanda kansa yake a ɗage, ba mai sa mutum ya yi ruku'u ba. A guji keken tsere mai siririyar taya, ramukan titinmu ba za su bar shi ba. A guji mai sifirin gaba da baya mai araha, nauyi ne kawai, kuma rabin ƙarfin ƙafarka a lilo yake tafiya.

Kafin ka biya kuɗi, tsaya ka sa keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a samu ratar yatsu 2 zuwa 3 tsakaninka da sandar sama. Sannan ka durƙusa ka dubi ƙarfen da yake bayan wuyan keken. In ka ga fenti ya tattare ko ya tsage a wurin, keken ya taɓa yin karo da wani abu da gaba, ƙarfen ya lanƙwashe, ka bar musu kayansu. Ka dube shi ta gefe: ƙarafa 2 da suke riƙe da tayar gaba su bi layin wuya, kada su ja baya. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin wurin ya saki. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma a rage maka kuɗi.

In kuwa tsohon kekenka ne da ya shekara 10 a ɗakin ajiya, kada ka busa masa iska kawai ka haye. Roba tana mutuwa ko ba a hau ta ba. Ka matsa gefen tayar da yatsa, in ka ga ƙananan tsage-tsage ko zare ya leƙo, a canja taya da tub gaba ɗaya. Wajen saye ka karanta lambar da take jikin tsohuwar, domin akwai tarko a nan. Tayar baƙin keke an rubuta mata 28 x 1½, faɗin da'irarta milimita 635. Kekunan gwanjo na Turai ma da yawa an rubuta musu 28, amma tasu 622 ce. Ba sa shiga wa juna. Mutum zai yi ta fama da ƙarfen cire taya har ya huda sabon tub, yana zargin mai shago, alhali lamba ce ba ta zo ɗaya ba. Kafin a mayar da tub, a tabbata akwai ɗamarar roba a cikin rim da take rufe kawunan wayoyin ƙafa. Zirin tsohon tub ma ya isa. In babu ita, faci zai yi ta fitowa ta ciki kana neman ƙaya a waje.

Iska kuma ita ce rabin wahalar keke. Tayar da ba ta cika ba tana sa tuƙi ya yi nauyi kamar ana jan ka ta baya, kuma in ka daki bakin rami, rim zai cije tub ya bar huji 2 gefe da gefe kamar saran maciji. Ganin wannan alama ya isa ya gaya maka laifin ƙarancin iska ne. Adadin da ya kamata yana rubuce a gefen tayar. In ba ka da ma'auni, ka danna da babban yatsa da ƙarfi, kada ta lotsa sai ɗan kaɗan. A duba sau 1 a mako. Baƙin keke yana da bawul mai 'yar siririyar roba a ciki, wadda zafi yake tsofar da ita. Sau da yawa in taya tana sacewa cikin dare ba faci ba ne, wannan robar ce, kuma kuɗinta bai kai na ruwan leda nawa ba. In facin gaske ne, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti 5 har ya daina ƙyalli kafin a manna. Mai gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho zai sake buɗe tayar gobe. Sannan a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar tsidau takan maƙale a nan ta sake huda wurin.

Birki shi ne abin da ba a yi masa "bari sai gobe". Robar birki in ta daɗe takan ƙandare ta zama kamar katako, tana ƙara amma ba ta kamawa. A canja duka 4. A baƙin keke, gidan ƙarfen da robar take zama a ciki yana da baki ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Rufaffen shi ne zai kalli gaba. In aka juya shi, ranar da ka matse birki da ƙarfi rim zai fizge robar ta fice, ka tafi ba birki. In ka matse hannun birki iya ƙarfinka, ya kamata yatsu 2 su iya shiga tsakaninsa da kan keken. Keke mai waya kuma a duba wayar a inda aka ɗaure ta, in ko sili ɗaya ya tsinke a sa sabuwa. Ka kuma sani cewa rim na ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe birki ba ya kama shi nan take, sai taya ta yi 'yan juyi ya share ruwan. Da damina ka fara matsawa tun da nisa.

Sarƙa tana da nata ma'aunin, kuma tef ɗin tela ya isa. Daga tsakiyar wata ƙusar sarƙa zuwa ta 24 bayanta inci 12 ne cif a sabuwa. In ya wuce da milimita 3, ta gama aiki, kuma ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato ƙarfen da sarƙa take hawa a tayar baya. A irin wannan hali in ka sa sabuwar sarƙa kaɗai, za ta riƙa tsalle duk lokacin da ka danna feda da ƙarfi, don haka a canja su tare. A keke marar giya, sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1 a tsakiya. In ta fi haka za ta zame, in ta ɗame kamar tsirkiya za ta cinye boris. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda masu gyara suke son labtawa, cike yake da garin ƙarfe, kuma da hunturu ƙura tana manne masa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. A wanke sarƙar da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki ko sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge na waje tas da tsumma. Man da yake aiki shi ne wanda ya shige ciki.

Ragowar aikin na mai gyara ne, amma ka tsaya a kansa. Ya buɗe cibiyar kowace ƙafa ya wanke busasshen giris ya sa sabo, ya ƙirga ƙwayoyin boris, galibi 9 a kowane gefe a baya, 10 ƙanana a gaba. In hannun feda yana yin gaba ya dawo da ƙara a kowane juyi, kota, wato ƙusar da take riƙe shi, ita ce ta saki. Da guduma ake buga ta ta zauna, sannan a ɗaure notin. Mai son jawo ta da noti kaɗai zai cinye zaren. Fedar hagu kuma zarenta a juye yake, ta hagu ake ɗaure ta.

Yanzu ga abin da ya fi korar manya daga keke: tsayin sirdi. Wanda ya daɗe bai hau ba yana so ya zauna ƙafafunsa duka suna taɓa ƙasa, don haka sai ya sauke sirdi can ƙasa. Da wannan zama gwiwa ba ta miƙewa, duk nauyin dannawa yana komawa kan ƙoƙonta, kwana 3 sai ciwo. Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka jingina da bango, ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, wanda da shi ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shi ne daidai. In tsoro ya hana, ka fara ƙasa da haka, ka riƙa ɗagawa rabin santimita duk bayan kwana 2. Ciwo a gaban gwiwa yana nufin sirdi ya yi ƙasa, a bayanta kuma ya yi sama. Akwai layi a jikin sandar sirdi da yake nuna iyakar zarowa. Kada a wuce shi, sandar tana iya karyewa ko ta tsaga ƙarfen keken.

Shi kansa sirdin ya kwanta daidai, hancinsa bai ɗaga ba. Maganar da ake yi a majalisa cewa keke yana rage wa namiji ƙarfi, tushenta a nan yake. Nauyin mutum ya kamata ya zauna a kan ƙasusuwan mazaunai 2. In hancin sirdi ya ɗaga, ko sirdin ya yi siriri ga mai zaman miƙe, nauyin sai ya koma kan jijiyoyin da suke tsakani, wurin ya yi sanyi ya mutu na ɗan lokaci. Duk wanda ya ji haka ya sauka ya gyara, kada ya daure. Sirdi mai faɗin baya, da ɗan miƙewa a kan feda duk bayan minti 10, suna magance shi. Ciwon mazaunai na makon farko kuwa daban ne, kowa yana yin sa, yakan wuce cikin sati 2. Naɗa soso mai kauri a kan sirdi ƙara matsalar yake yi, domin ƙashi yana nutsewa soson ya taso ya danne tsakiya.

Jiki ma sai an lallaɓa shi. Ƙafa ba ta manta tuƙi, shi ya sa mutum yake ruɗuwa ya ɗauka ɗan shekara 18 ɗin nan yana nan. Makon farko minti 10 zuwa 15 ya isa, yau a yi gobe a huta, bayan sallar asuba a layin da ba motoci. A nan za ka sake koyon abubuwa 3: waiwaye ba tare da keken ya karkace ba, sakin hannu ɗaya don nuna inda za ka juya, da tsayawar gaggawa. Birkin gaba ne ya fi ƙarfin tsayarwa, a matse na gaba da na baya tare, a ja mazaunai baya. Mako na 2 a kai minti 20. A na 3 ka gwada hanyar wurin aikin ranar hutu ka ga lokacin da take ci, a na 4 ka fara zuwa kwana 2 ko 3. In kana tuƙi kana iya magana da jimla cikakkiya, saurin ya yi. Mai giya ya zaɓi mai sauƙi ƙafa tana juyawa da sauri, maimakon mai nauyi ana dannawa kamar daka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara. Mai ciwon suga da yake shan magani ko allura ya sa dabino a aljihu, domin motsa jiki yana saukar da suga. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, asibiti ake kai su.

Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, gaskiya ne, kuma ba na ce kowa ya hau keke da azahar ba. A fita kafin 8, a dawo bayan la'asar, a ɗauki gorar ruwa da rigar canji. Da azumi a rage. Babbar riga da jallabiya ba sa shiri da sarƙa da wayoyin ƙafa, a naɗe su a kariya a sa in an isa, ƙafar wando ta dama kuma a ɗaure ta da roba. Silifas yana zamewa a feda.

Sai titi, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a bar keke, kuma ban raina ta ba. Titin da ka sani shekara 20 da suka wuce ba shi ne na yau ba. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita sahu ne ya cika gefen dama, kuma yana tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu ba sigina. Ka bar rata tsakaninka da shi, yatsunka a kan birki. Motar da take fake ka ba ta mita 1, ƙofa tana iya buɗewa. Kada ka manne da bakin kwata, nan ne yashi da kwalba da ƙusa suke taruwa, kuma birkin gaba a kan yashi kayarwa yake. Kada ka bi hannun da ba naka ba da sunan kana ganin abin da yake tahowa, direban da zai fito daga lungu ba ta nan yake duba ba. Mafi haɗari duka shi ne shiga ta damar tirela ko tifa a mahaɗa. Direban ba ya ganinka, in ya karya dama tayoyin baya suna yanko kwanar su bi ta inda kake tsaye. A tsaya a bayanta. Shataletalen da ya fi ƙarfinka, sauka ka tura. Da dare farar fitila a gaba, ja a baya, ga masu caji nan da araha. Hular kwano kuma a ɗaure igiyarta, yatsu 2 sama da gira.

Duk wannan dabarar kare kai ce, kuma ba za ta wadatar ba in hukuma ba ta yi nata ba. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, har wata bas ta ture shi ya faɗa kwata a Abuja. Kiran daidai ne, titin ne ba a tanada ba. Ƙasar Holan da ake misali da ita wajen hawan keke ba haka ta tashi ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe sama da mutum 3,000 a can, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar man 1973 ta zo ta ƙara, daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa. Ba sai an je Turai ba ma: manyan titunan Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, suna da hanyar gefe ta kekuna da babura, maza da mata suna bi. Mu kuwa biliyoyi suna tafiya a gadar sama, wadda mai keke da mai tafiya a ƙasa ba su da rabo a cikinta.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gada ɗaya ba. Duk titin da za a faɗaɗa a ware mita 1 da rabi a kowane gefe, a raba shi da dakalin kankare, domin fenti kaɗai adaidaita sahu da masu tebur za su mamaye shi cikin mako. A rufe kwatoci, a riƙa kwashe yashin gefen titi maimakon a tara shi a nan. Sakatariya da asibiti da kasuwa da makaranta su yi rumfa mai ƙarfen da za a ɗaure jikin keke da kwaɗo, kusa da mai gadi, domin tsoron sata yana hana mutane kamar yadda tsoron mota yake hanawa. Gwamnatocin jihohi su dawo da lamunin keke ga ƙananan ma'aikata, a cire a albashi cikin wata 10 ko 12, tare da fitila da hular kwano a cikin kuɗin. A sassauta harajin shigo da taya da tub da sarƙa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, kuma akan ga manyan jami'ai sun yi zagaye a ranar da rakiyar jami'an kiyaye haɗura. Ina so a ga kwamishinan ayyuka ya bi hanyar da masinjan ofishinsa yake bi, ranar Litinin da ƙarfe 7 da rabi, ba jiniya, kafin ya sa hannu a zanen titi na gaba.